Likita Ya Amsa: Matsewar Mafitsara Bayan An Gama Fitsari, Yaushe Ne Abin Damuwa?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan karon sun fito ne daga unguwanni daban-daban na Kumasi, kuma dukkansu suna magana ne a kan abin da mutum yake ji ko yake gani a cikin ɗan lokacin da ke biyo bayan fitsari. Mutane da yawa suna jin nauyin faɗin irin wannan a gaban likita, musamman idan ɗakin duba marasa lafiya a cike yake, saboda haka mun sakaya sunayen masu tambaya, mun bar shekarunsu da sana'arsu inda suka ambata, domin suna da tasiri a kan amsar.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 54, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Fitsari yakan matse ni farat ɗaya, wani lokaci har ya kufce mini kafin in kai banɗaki. An yi mini gwajin da ake zura siririyar roba a mafitsara a haɗa ta da na'ura, sai mai gwajin ya ce mafitsarata ta sake matsewa da ƙarfi bayan fitsarin ya ƙare. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wata cuta ce daban ta same ni?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin wannan matsewar da aka gani a ƙarshen gwaji ba cuta ba ce mai zaman kanta, kuma ba a ba mutum magani ko a yi masa tiyata saboda ita kaɗai.

Bangon mafitsara tsoka ce, kuma aikinta iri biyu ne. Yawancin yini a sake take, tana buɗewa a hankali tana karɓar fitsarin da ke saukowa daga ƙoda, har ta tara mililita 400 zuwa 500 a jikin babban mutum ba tare da matsin da ke cikinta ya tashi sosai ba. Idan mutum ya sami wurin da ya dace ya tsuguna, ƙwaƙwalwa takan aika da saƙo ta cikin laka, sai tsokar da ke tsare bakin mafitsara ta saki, bangon mafitsara kuma ya matse har fitsarin ya fita. A ƙa'ida, da zarar fitsari ya ƙare matsin yakan sauka ya koma yadda yake tun farko. Gwajin da aka yi miki yana auna wannan matsin ne tun daga lokacin da ake cika mafitsara da ruwan gishiri mai tsabta har zuwa lokacin da kika fitar da shi. Shi ya sa aka sa miki roba biyu, ɗaya a mafitsara, ɗaya a dubura ko a gaba, domin na'ura ta cire matsin da ke fitowa daga yunƙurin ciki, ta bar na tsokar mafitsara zalla.

A wurin wasu mutane, maimakon layin da na'urar take zanawa ya sauka bayan fitsari ya tsaya, sai ya sake hawa, wani lokaci ma ya wuce inda ya kai ana cikin fitsarin. Masana sun daɗe da sanin wannan, kuma ana yi masa bayani ta fuska fiye da ɗaya. Sau da yawa aikin na'urar ne kawai: idan mafitsara ta zama wayam, bangonta yakan faɗo ya manne wa bakin robar da ke auna matsi, sai na'urar ta nuna hawan da ba ya nufin komai. Wani lokaci kuma tsokar ce da gaske ba ta gama matsewa ba alhali ƙofar fita ta riga ta rufe, ko kuma mutum ne ya ƙanƙame tsokokin ƙasan mararsa domin ya tsayar da ɗigon ƙarshe. Ana ganin abin a jikin masu lafiya ƙalau, ana kuma ganinsa a jikin masu irin matsalarki, saboda haka shi kaɗai ba ya raba mai ciwo da mai lafiya.

Abin da ya fi muhimmanci a takardarki yana can baya, a lokacin da ake cika mafitsarar. Ki tambayi likitanki ko tsokar ta riƙa matsewa da kanta tun ba a ba ta izini ba, ko fitsari ya zubo sa'ad da aka ce ki yi tari, da kuma yawan abin da ya saura a ciki bayan kin gama. Waɗannan su ne suke nuna hanyar magani. Alamomin da kika lissafa sun yi daidai da abin da Ƙungiyar Duniya ta Masana Riƙe Fitsari ta bayyana a shekarar 2002 a matsayin mafitsara mai yawan zabura, wato matsuwar gaggawa, da yawan zuwa banɗaki dare da rana, tare da yoyo ko babu shi, matuƙar an tabbatar babu ƙwayar cuta a fitsarin.

Maganin yakan fara ne ba da ƙwaya ba. Ki rubuta lokacin da kike shan ruwa da lokacin da kike fitsari na tsawon kwana 3, domin wannan takardar takan gaya wa likita abin da gwaji mai tsada ba zai gaya masa ba. Ki rage shayi mai kauri da Nescafé da goro, domin dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafin mai zaburar da mafitsara. Kada ki daina shan ruwa don tsoron neman banɗaki a kasuwa, kamar yadda na san mata 'yan kasuwa da yawa suna yi, domin fitsarin da ya yi kauri ya fi damun mafitsara. Ki koyi jinkirta zuwa banɗaki da minti 10 zuwa 15 a kowane mako har tazarar ta kai awa 3. Idan wannan bai wadatar ba akwai magunguna irin su solifenacin da mirabegron, kuma ga macen da al'adarta ta ɗauke akwai man isturojin, wato sinadarin jikin mata, da ake shafawa a gaba, amma likita ne zai zaɓa bayan ya duba hawan jininki da idanunki.

Tambaya: Likita, ni malamin makarantar allo ne a Aboabo, shekarata 41. Idan na gama fitsari na yi tsarki na tashi, sai in ji ɗigo ya fito ya ɓata mini wando. Wannan ya sa nakan daɗe a banɗaki ina matsa gabana da ƙarfi, kuma nakan sake alwala sau da dama kafin salla guda. Shin mafitsarata ce take ci gaba da turo fitsari?

Amsa: Allah gafarta Malam, a mafi yawan lokuta mafitsara ba ta da hannu a wannan ɗigon, domin ta riga ta gama aikinta ta rufe. Bututun fitsarin namiji yana da tsawon kimanin santimita 20, kuma yana da wata lanƙwasa mai ɗan faɗi a tsakanin 'ya'yan maraina da dubura. Ragowar fitsari takan kwanta a nan, kamar ruwan da ke saura a lanƙwasar tiyo bayan an kashe famfo, wanda ba ya fita sai an ɗaga tiyon. Akwai wata tsoka da ta kewaye wannan wurin, aikinta ta matse sau biyu ko uku a ƙarshen fitsari ta koro abin da ya rage. Idan ta yi rauni, ko mutum ya yi hanzarin tashi, sai ragowar ta jira har ya miƙe ya yi taku, ko ya sunkuya zuwa ruku'u, sannan ta gangaro.

Tunda an san inda ruwan yake maƙalewa, to can ya kamata a nufa. Idan fitsari ya tsaya, Malam ya dakata na 'yan daƙiƙu, sannan ya sa kan yatsun hannun hagu a bayan 'ya'yan maraina, a tsakiya, ya danna sama a hankali yana jawowa gaba zuwa gindin mazakuta. Ya maimaita sau biyu ko uku, ya ƙanƙame tsokar da ake riƙe tusa da ita, ya ɗan girgiza, sannan ya yi tsarki. Matsa kan mazakuta kaɗai ba ya kai wa ga inda fitsarin yake kwance, shi ya sa ƙoƙarin da Malam yake yi bai hana ɗigon ba. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya da suka yi bayanin istibra'i sun ce a shafo kuma a girgiza a hankali, kuma ilimin likitanci ya yi daidai da su a nan, domin matsa wurin da ƙarfi yana sa fatar cikin bututun ta yi tsami, mutum ya riƙa jin kamar wani abu yana fita ko da babu komai.

Tsokar kanta ana iya ƙarfafa ta da motsa jikin da wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a shekarar 1948, wanda daga baya aka ga yana amfanar maza ma. Mutum zai ƙanƙame tsokar riƙe tusa ba tare da ya ɗaure ciki ko cinya ko numfashi ba, ya riƙe na daƙiƙa 5 zuwa 10, ya saki na daidai wannan lokacin, ya yi haka sau 10, sau uku a yini. Ana iya yi a zaune a kan buzu ba tare da kowa ya sani ba, amma sai an jure wata 3 kafin a yanke hukunci a kan amfaninsa.

Ina roƙon Malam da masu irin wannan matsala da su guji ɗaure gaba da zare ko roba, ko cusa auduga a bakin bututu, domin hakan yana jawo rauni da ƙwayoyin cuta. Haka kuma ba duk abin da ya fito bayan fitsari ne fitsari ba. Farin ruwa mai kauri da kan biyo bayan fitsari ko yunƙurin bayan gida, wanda malamai suke kira wadiyyi, daga furostet yake fitowa, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma ba ciwo ba ne. Amma idan ruwan mugunya ne mai launin rawaya tare da zafi, wannan ciwon sanyi ne da ake ɗauka ta saduwa, kuma dole a yi wa miji da iyalinsa magani tare. Idan kuma fitsarin ya sirance, ko yana rabuwa biyu, ko sai an yi yunƙuri yake fita, akwai yiwuwar bututun ya tsuke sakamakon tsohon ciwon sanyi ko rauni, kuma wannan aikin likitan mafitsara ne.

Batun maimaita alwala kuwa, Malam ya fi ni sanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari. Abin da zan ƙara daga ɓangarena shi ne, idan mutum yana jin ɗigo amma duk lokacin da ya duba sai ya tarar da wando a bushe, to matsalar ta koma waswasi, kuma shi ma yana da magani a asibiti idan ya kai ga hana mutum sukuni.

Tambaya: Likita, ina da cikin wata biyar, ina zaune a Asawase. Kwana uku ke nan idan na zo ƙarshen fitsari sai marata ta murɗa da zafi kamar ana tsaga ni, kuma ina gamawa sai in ji wani fitsarin. Maƙwabciyata ta ba ni ragowar ƙwayoyin da ta sha. In sha?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki sha. Ki tafi wurin awon ciki yau, ko a asibitin Manhyia ko a duk asibitin da katinki yake, ki ba da fitsari a gwada. Abin da kika kwatanta alama ce ta kumburin mafitsara da ƙwayoyin cuta suke haddasawa, yawanci ƙwayar E. coli da ke fitowa daga hanji, wadda take saurin isa mafitsarar mace saboda bututunta bai wuce santimita 4 ba. Zafin yakan fi tsanani a ƙarshe ne domin a lokacin ne tsokar take matsewa iya ƙarfinta, bangon da ya kumbura ya haɗu da ɗan'uwansa, kuma fatar da ta yi tsami takan ci gaba da aika saƙon matsuwa ko da babu sauran fitsari.

Ga mai ciki wannan ba abin jinkiri ba ne, domin cutar tana saurin hawa zuwa ƙoda, kuma tana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Wasu magungunan da ake yawan sha don ciwon mara, irin su ciprofloxacin da doxycycline, ba a ba mai ciki su, kuma ba ki san abin da ke cikin ƙullin maƙwabciyarki ba. Idan zazzaɓi ya zo, ko rawar sanyi, ko amai, ko ciwo a kwiɓi, ki tafi ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 12 ya yi hutu wurin kakanninsa a Yeji. Wata uku bayan dawowarsa sai muka lura fitsarinsa yana fita fari, amma ɗigon ƙarshe jini ne, kuma yakan riƙe mararsa. Wasu sun ce alamar balaga ce, wasu sun ce zafin rana ne.

Amsa: Alhaji, ba balaga ba ce kuma ba rana ba ce. Yeji tana bakin Tafkin Volta ne, kuma yaron da ya yi wanka a tafkin sannan ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ake fara zato har sai gwaji ya nuna akasin haka. Cutar ta daɗe a Afirka, wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a shekarar 1851, amma a Ghana ta yaɗu ƙwarai a garuruwan bakin tafki bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, domin kwantaccen ruwa mai ciyayi shi ne mazaunin ƙananan katantanwar da tsutsar take girma a cikinsu.

Mai ɗauke da cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka yake yi, ko wanki, ko jan koma. Idan sun girma sukan zauna a jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara, suna zuba ƙwai a bangonta, kuma kowane gungun ƙwai yakan zama ɗan gyambo. Matsewar da mafitsara take yi a ƙarshen fitsari ita ce take tatso jini daga waɗannan gyambunan, shi ya sa farkon fitsarin yake fita fari, ƙarshensa ja. Tazarar wata uku da kuka gani ma ta dace da lokacin da tsutsar take ɗauka kafin ta fara zuba ƙwai.

A kai fitsarinsa ɗakin gwaji, kuma ya fi kyau a ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a tabbatar ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar, domin a nan ƙwayayen suka fi taruwa. Maganin shi ne praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, ana sha bayan an ci abinci, saboda haka sai an auna yaron kafin a ba shi. Maganin yana kashe tsutsar da ta girma amma ba ya hana sake kamuwa, don haka a sake gwaji bayan 'yan watanni, a kuma gwada duk yaran da suka yi tafiyar tare, har da mata, domin su cutar takan taɓa musu mahaifa da gaba. Abin da ya sa nake matsa wa iyaye a kan wannan shi ne jinin yakan ragu da kansa idan yaro ya girma, sai a ɗauka ya warke, alhali ƙwayayen suna nan suna taurara bangon mafitsara, suna toshe hanyar da ke saukowa daga ƙoda, kuma bayan shekaru masu yawa suna iya kai wa ga sankarar mafitsara.

Wannan amsar ta yaro ce. Babban mutum da ya haura shekara 40 ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, musamman mai shan taba, kada ya tsaya a kan maganin tsargiya, sai an yi masa hoton ciki an kuma leƙa mafitsarar da na'ura.

Tambaya: Likita, idan na gama fitsari jikina yakan yi wata 'yar girgiza kamar an watsa mini ruwan sanyi. Wani abokina ya ce alamar shafar aljanu ce.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan girgizar ta daƙiƙa ɗaya ko biyu sananniya ce, ta fi yawa a wurin maza, kuma ba ta da illa. Ana danganta ta da sauyin da ke faruwa a jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da hawan jini sa'ad da cikakkiyar mafitsara ta zama wayam. Abin da ya bambanta da ita shi ne jiri ko faɗuwa a sume bayan fitsarin dare, wanda yakan sami wanda ya tashi daga barci ya yi fitsari a tsaye. Mai wannan ya riƙa zama a bakin gado kafin ya miƙe, ya yi fitsarinsa a tsugune ko a zaune, kuma ya je a duba zuciyarsa da magungunan hawan jinin da yake sha.

Tambaya: Likita, mahaifinmu mai shekara 76 a Tafo fitsarinsa ya toshe, aka sa masa roba. Yanzu sau da yawa sai mararsa ta ƙulle ya yi ta nishi, fitsari ya riƙa fita ta gefen robar, musamman bayan mun zubar da abin da ke cikin jakar. Muna so a sa masa roba mai kauri domin yoyon ya tsaya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan jinyarsa. Roba mai kauri ba za ta tsayar da yoyon ba, ƙara shi ma za ta yi. A ƙarshen robar akwai ɗan balan-balan da ake cikawa da ruwa kimanin mililita 10 domin kada ta zare, kuma yana zaune ne a daidai wurin da ya fi ko'ina saurin jin taɓi a gindin mafitsara. Idan mafitsara ba ta da fitsarin da zai raba bangonta da wannan balan-balan, sai ta ɗauke shi a matsayin abin da ya kamata ta fitar, ta matse a kansa da ƙarfi, ɗan fitsarin da ke ciki ya bi ta gefe. Duk abin da ya ƙara girman roba ko na balan-balan yana ƙara tsokanar tsokar ne.

Kafin a yi maganar magani, ku fara duba ko fitsari yana sauka cikin jakar. Ku bi robar da ido daga jikinsa har ƙasa ku ga ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ko zani ya danne ta, ku tabbatar jakar tana ƙasa da mararsa ko yana kwance ko yana zaune, ku kuma manne robar a cinyarsa da filasta domin kada nauyin jaka ya riƙa fizgarta. Ku tambaye shi yaushe rabonsa da bayan gida, domin taurin bayan gida yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ƙullewar a wurin tsofaffi. Idan awa 2 zuwa 3 suka wuce babu abin da ya sauka alhali mararsa ta kumbura, robar ta toshe ne, sai a kai shi asibiti nan take. Haka nan idan ya yi zazzaɓi, ko ya fara ruɗewa yana magana ba kan gado. Kada kowa ya yi ƙoƙarin zare robar a gida, domin jan ta da balan-balan a cike yana yaga bututun fitsari.

Akwai magunguna masu kwantar da tsokar, irin su oxybutynin, amma a jikin dattijo suna iya kawo bushewar baki, da taurin bayan gida, da ruɗewa, kuma ba su dace da mai wani nau'in hawan jinin ido ba. Tambayar da nake so ku yi wa likitansa ita ce yaushe za a gwada cire robar. Sau da yawa ana ba mai kumburin furostet maganin tamsulosin na 'yan kwanaki sannan a cire a ga ko zai iya fitsari da kansa, idan bai iya ba a yi shawarar tiyatar da ake kankare furostet ta cikin bututun fitsari ba tare da an yanka ciki ba. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari suka fi sani da Gee, yana da likitocin wannan fanni. Yana damuna in ga dattijo ya shekara da roba ana canja masa ita kawai, ba tare da an zauna da iyalinsa an tattauna mafita ba.

Tambaya: Likita, ni makanike ne a Suame Magazine, shekarata 58, ina da ciwon suga tun da daɗewa. Idan na gama fitsari sai in ji marata tana matsewa kamar akwai saura, in koma bayan minti goma in sake yin kaɗan. Wani ya ba ni sunan maganin da ke kwantar da mafitsara. In saya?

Amsa: Maigida, ka dakata tukuna, domin abubuwa biyu masu kishiyantar juna suna kawo wannan jin, kuma maganin ɗaya yana cutar da mai ɗayan. Akwai wanda mafitsararsa ta zubar da komai amma tsokar tana ci gaba da zabura, saboda ƙwayar cuta, ko tsakuwa, ko yawan ataya da goro. Akwai kuma wanda da gaske fitsarin bai ƙare ba, ko don furostet ta tare hanya, ko don tsokar ta yi rauni. Ciwon suga da ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin mafitsara da laka, sai mafitsarar ta riƙa cika fiye da kima mutum bai ji ba, ta saki, ta kasa matsewa har ƙarshe. Idan irin wannan mutumin ya sha maganin da ke ƙara kwantar da tsokar, fitsarin yana iya tsayawa gaba ɗaya.

Jin da kake yi ba zai iya raba waɗannan biyun ba, amma gwajin da ke raba su mai sauƙi ne. Za ka yi fitsari kamar yadda ka saba, nan da nan a ɗora na'urar sikanin a mararka a auna abin da ya saura. Abin da bai kai mililita 50 ba ana ɗaukarsa daidai ne, wanda kuma yake haura 200 zuwa 300 a awo fiye da ɗaya yana buƙatar kulawa, domin kwantaccen fitsari yana tara ƙwayoyin cuta da tsakuwa, kuma matsinsa yana iya komawa sama ya kumbura ƙoda ba tare da wani ciwo ya gargaɗe ka ba. A haɗa da gwajin fitsari, da gwajin jini na aikin ƙoda, da awon suga na wata uku, da duba furostet. Sugan da ya hau ma da kansa yana ƙara yawan fitsari, saboda haka daidaita shi wani ɓangare ne na maganin.

Kafin ka samu ganin likita, ka riƙa zuwa banɗaki kowane awa 3 ko ba ka ji matsuwa ba, kuma idan ka gama ka dakata kamar minti ɗaya, ka ɗan karkata gaba, ka sake gwadawa ba tare da yunƙuri mai ƙarfi ba. Ka guji magungunan mura masu sa barci ko masu buɗe hanci, da tramadol, domin dukkansu suna iya riƙe fitsari. Idan awon ya nuna saura mai yawa kuma tsokar ce ta yi rauni, akwai hanyar da ake koya wa mutum ya zura siririyar roba mai tsabta da kansa sau 'yan kaɗan a yini ya zubar ya cire, wadda likitoci suke amfani da ita tun shekarar 1972, kuma ta fi barin roba a jiki kare ƙoda da mutuncin mai aiki irinka.

Tunda sana'arka ta ɗaga injin da kwanciya a ƙarƙashin mota ce, akwai alamar da nake so ka riƙe. Idan ciwon baya ya zo tare da wahalar fitsari, da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi ko kewayen dubura har ba ka jin ruwan tsarki, ko ƙafafu suka yi rauni, ko bayan gida ya kufce, to jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, kuma awanni ne suke raba warkewa da naƙasa. Mai wannan ya nufi sashen gaggawa na Komfo Anokye a ranar, kada ya tsaya wurin mai ɗori ko mai tausa. Ranar da za ka je ganin likita, ka tafi da katin inshorar lafiyarka, da kwalayen duk magungunan da kake sha har da na gargajiya, da takardar da ka rubuta lokutan fitsarinka na kwana 3.